Kafin ka ƙara wa ramammen doki hatsi

Kusan duk wanda ya zo bargata da kukan dokinsa yana ramewa, tambayarsa ɗaya ce: kwano nawa na gero zai ƙara masa? Ni kuma amsata ba ta canzawa. Kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya tukuna. Hatsi shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa wajen tayar da dokin da ya zube, shi ne kuma ya fi saurin kwantar da shi idan aka yi garaje. Abin yana ƙona mini rai, domin mai dokin da kyakkyawar niyya yake yi, kuɗinsa yake kashewa, amma sai a wayi gari dabba tana birgima da ciwon ciki.

Fara da sanin iyakar ramar. Ido yana ruɗi, musamman ga wanda kullum yake ganin dokin, don haka sa hannu. Shafa haƙarƙarinsa, bi gadon bayansa, taɓa tudun kafaɗa inda sirdi yake farawa, sannan ƙugu da gindin wutsiya. Dokin da jikinsa yake daidai ba a ganin haƙarƙarinsa daga nesa, amma ana jin su da an ɗora tafin hannu. Idan kana iya ƙirga su da ido, ƙashin baya ya fito, ƙugu ya yi tsini, to rama ta kama shi. Likitocin dabbobi suna da ma'auni daga 1 zuwa 9 wanda Don Henneke ya fitar a Jami'ar Texas A&M ta Amurka a 1983. A wannan ma'auni 5 shi ne madaidaici, 1 kuwa fata da ƙashi. Doki mai 3 ko 4 kai ma za ka iya gyara shi a gida. Mai 1 ko 2 hukuncinsa daban ne, zan zo kansa.

Sai ka ari tef a wurin tela. Zagaya shi a ƙirjin dokin, daidai inda majayi yake zama, ka rubuta santimita nawa ne. Auna tsawonsa daga ƙashin gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Abin da ya fito shi ne kusan nauyinsa a kilo. Misali ƙirji 160, tsawo 150, zai ba ka wajen kilo 323, kuma galibin dawakinmu na Arewa tsakanin kilo 300 da 400 suke. Wannan lissafi ba ƙaƙale ba ne. Da shi za ka san yawan abinci, da shi za a auna magani, da shi kuma za ka gane ko aikinka yana ci ko ba ya ci.

Yanzu ka ja kujera ka zauna ka kalli dokin yana cin abinci, tun daga farko har ya gama. Wannan zaman shi ne mutane ba sa yi, sai su bar wa yaron barga. Ka lura ko yana karkatar da kai yana tauna, ko yawu yana dalala, ko hatsi yana zubowa ta gefen baki, ko kana tsintar dunƙulen harawa da ya tauna rabi ya furzar. Duba kashinsa ma: idan ƙwayar dawa tana fitowa ɗungurungum, kaji suna rububinta, to abincin wucewa kawai yake yi. Haƙoran doki ba sa daina fitowa sai ya tsufa ƙwarai, kuma saboda muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, turamen sama sukan yi kaifi ta wajen kumatu, na ƙasa ta wajen harshe. Su yi ta yankarsa. Dabbar da bakinta yake ciwo ba za ta ƙoshi ba ko da rumbu ka buɗe mata. Likita yana da magagari na musamman da yake goge kaifin, aikin bai kai awa guda ba, kuma ya kamata a duba bakin doki sau ɗaya a shekara. Kada ka cusa hannunka can ciki kana lalube, turmin doki yana karya yatsa.

A wannan zaman ne kuma za ka ga wanda yake taya shi ci. Awaki da tumaki da kaji na gida ba sa jin kunyar komin doki. In dawaki biyu ne a kusa da juna, mai ƙarfi yakan kore raunannen. Raba musu turke yadda wuyan wani ba zai kai ga abincin wani ba.

Bayan baki, abu na biyu da za a duba shi ne tsutsar ciki. Doki mai gashi a birkice, ciki ya yi tulu amma baya ya bushe, yana goga gindin wutsiya a bango, da wuya a ce babu ita. Abin da ya fi shi ne ka ɗebi sabon kashinsa a leda ka kai asibitin dabbobi a duba. Magungunan da aka saba su ne ivermectin da fenbendazole da pyrantel, sai praziquantel ga tsutsa mai faɗi. A ba shi daidai nauyinsa, ba da ka ba. Abu biyu nake so ka riƙe. Dokin da ya rame ƙwarai kuma tsutsa ta yi masa yawa, kashe su gaba ɗaya a rana guda yana iya toshe masa hanji, don haka likita ne zai tsara yadda za a bi. Sannan maganin da ake kira moxidectin ba a ba ramammen doki, domin jikin da ba kitse ba ya ɗaukarsa. Bayan magani kuma a riƙa kwashe kashi daga barga kullum, in ba haka ba jiya za a koma.

Na uku ciwo. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Na lafiya ja-ja ne mai haske. Idan ya yi fari fat ko ya yi rawaya, akwai matsala a jini. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, a sa shi ta dubura: lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. Dokin da yake zazzaɓi yana tashi yana sauka, ƙafafu ko ƙasan ciki suna kumbura, yana ci amma yana zubewa, a yi zargin sammore ko cutar da kaska take sawa. Wannan ya fi yawa ga dokin da aka sayo daga nesa, ko ya sha tafiya daga kasuwa irin ta Maigatari, ko ya yi damina a wuri mai ƙudaje masu cizo. A nan ina roƙonka, kada ka sayi allurar sammoren shanu ka danna masa. Diminazene da shanu suke ɗauka lafiya yana iya yi wa doki mummunar illa. A ɗebi jini a gwada tukuna.

To, an gyara baki, an yi maganin tsutsa, ba zazzaɓi. Sai abinci, kuma abincin doki na gaskiya shi ne ciyawa da harawa.

Allah ya halicci doki da ƙaramin tumbi, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, ga dabba mai wannan girma. Ainihin narkar da abincinsa can baya ake yi, a babban hanji, inda wasu ƙananan halittu suke sarrafa ciyawa su mayar da ita ƙarfi. In an sake shi a daji yakan shafe awa 14 zuwa 16 a rana yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Tumbinsa kuma ba ya daina fitar da ruwa mai tsami, da abinci ko babu. Shi ya sa dokin da ake ba abinci safe da yamma kawai, ya yini ya kwana da komi wayam, yakan kamu da gyambon ciki. Sai ka ga ya fara cin hatsi ya bari, yana fushi in an ja majayi, yana ta ramewa. Ga shi kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, sai dai ya fita ta baya ko ya zama masifa.

Lissafin abinci kuwa a kan nauyin da kake so ya kai ake yinsa, ba wanda yake da shi yanzu ba. A rana yana bukatar busasshen abinci kashi 2 zuwa 2 da rabi cikin ɗari na wannan nauyi. Dokin da kake so ya kai kilo 350, kilo 7 zuwa kusan 9 ke nan, kuma mafi yawansa harawa da ciyawa. Rataya ɗaurin harawarka a sikeli ko sau ɗaya ne. Mutane da yawa suna mamaki in suka ga abin da suke kira ɗauri biyu bai kai kilo 3 ba.

Mu a nan Allah ya ba mu abin da ya dace da wannan aiki: harawar wake da ta gyaɗa. Sun fi busasshiyar ciyawa gina jiki nesa ba kusa ba, kuma suna da sinadarin ƙashi. Amfanin harawa a ganye yake. Wadda ganyenta ya kakkaɓe sai kara, ko rana ta cinye ta ta yi fari, kuɗinka ka zubar. Nemi mai kore-kore, mai ƙamshi. Buɗe tsakiyar ɗaurin ka sansana, in ka ji warin fumfuna ko ka ga baƙi-baƙi, bar musu kayansu ko kyauta ne. Ta gyaɗa sau da yawa tana zuwa da ƙasa a saiwa, a kakkaɓe ta. Ni nakan haɗa rabi harawa rabi ciyawa mai kyau irin harkiya ko kyasuwar da aka yanka kafin ta tsufa, domin harawa zalla ga dokin da bai saba ba takan sa shi zawo. Karan dawa da bambaro cika ciki ne kawai, ba sa tayar da doki. In harawar tana ƙura a yayyafa mata ruwa kafin a zuba.

A raba ta sau huɗu ko biyar, kaso mafi girma da dare, yadda zai kwana yana tauna. Kuma kada a zuba a kan yashi. Bargunanmu da yawa yashi ne a ƙasa, doki mai yunwa kuma har ƙasar yake lashewa wajen tsintar ganye. Yashin yana taruwa a hanji, ya hana abinci amfani, ya kawo zawo ko murɗar ciki. In kana so ka gani da idonka, ɗebi dunƙulen kashi biyar ko shida daga saman wanda bai taɓa ƙasa ba, ka dama a bokiti da ruwa, ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye. Abin da ya rage a gindin bokitin zai gaya maka. Rabin durom ko komin katako ya isa maganin wannan.

Wanda ya san kiwo da kaka yake sayen harawar shekara, ya ɗora a rumfa inda ruwa da rana ba sa samunta. Dawaki sun fi zubewa da bazara, lokacin da harawa ta yi tsada ciyawa ta ƙare, masu su kuma suka shiga rage hannu ba tare da sun ce sun rage ba.

Ruwa ya zauna a gabansa dare da rana. Al'adar shayar da doki sau biyu a yini ba ta yi mini ba ko kaɗan. Yana shan lita 25 zuwa 40, a zafin Maris da Afrilu ma fiye da haka, kuma dokin da bai sha ya ƙoshi ba ba ya cin busasshen abinci sosai. A wanke mazubin, a ajiye a inuwa. Gishiri kamar cokali biyu manya a rana, ko a rataya masa dutsen lasa. Kanwa kuwa iyayenmu sun ba dawakinsu, ni ma ina bayarwa jefi-jefi, 'yar kaɗan, amma kanwa ba maganin tsutsa ba ce, kuma in ta yi yawa gudawa take sawa. Ramammen doki ba shi da abin da zai zubar.

Sai bayan ya yi kamar mako biyu yana cin harawa ya ƙoshi, kashinsa yana fita daidai, sannan a waiwayi hatsi. Da dama ma daga nan za ka ga sun fara cikowa. Gero da dawa ƙwayarsu ƙanana ce mai tauri, a ɓarza su ko a jiƙa na 'yan awanni, amma kada a bar jiƙon ya yi tsami, da zafin nan namu ba ya daɗewa. Fara da rabin kilo a rana, a raba biyu. Duk bayan kwana uku ko huɗu a ɗan ƙara. Ga doki irin namu kada ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi, in ana son ƙari a ƙara yawan lokutan, ba girman kwanon ba. Dalili shi ne hatsin da ya fi ƙarfin ƙaramin hanji yana gangarawa babban hanji ya yi tsami, ya kashe waɗancan halittu masu amfani. Daga nan sai murɗar ciki, ko ciwon kofato wanda doki zai tsaya yana jingina baya, kofatan gaba da zafi, ya kasa taku. Wanda ya taɓa ganin wannan ba zai sake wasa da kwanon hatsi ba. Kullum harawa ta riga hatsi shiga ciki.

Dusa tana da amfani, ta gero ko ta masara ko ta alkama, a jiƙa ta ta yi damshi. Sai dai ba a mayar da ita gaba ɗayan abinci. Dusa da hatsi suna da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, in aka daɗe a kansu ba harawa ƙasusuwa suna laushi, fuskar doki ta kumbura, ya riƙa ɗingishi ba dalili. Harawar wake da ta gyaɗa su ne suke daidaita wannan.

Abin da na fi yarda da shi wajen ciko da doki ba tare da haɗarin hatsi ba shi ne mai. Man gyaɗa ko na waken soya, mai kyau, ba wanda aka gama suya da shi ba. Ƙarfin da ke cikin mai ya ninka na hatsi fiye da sau biyu. Fara da cokali uku a cikin dusa, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku har ya kai kofi guda a rana, a raba safe da yamma. In kashi ya yi laushi ko maiƙo, a koma baya kaɗan. Tunkuza ko ƙuliƙuli marar yaji, cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, yana taimaka wa naman baya ya dawo, amma fa sabo, domin gyaɗa mai fumfuna guba ce ga hanta.

Akwai abubuwan da ko kusa da barga ba na yarda su zo. Abincin kajin gidan gona da na shanun turka wani lokaci ana sa musu magani mai suna monensin, ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki. Masarar da ta yi fumfuna tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya riƙa zagaye yana karo da bango, kuma da wuya ya tashi. Gyauron dawa da dawa ƙarama wadda fari ya kama suna da guba. Ragowar tuwo da burodi ba abincinsa ba ne. Cusa ma, wato dunƙula gari da kanwa a tura masa a baki da hannu, ban goyi bayanta ga dokin da ba shi da ƙarfi ba, yana iya shaƙewa. Dokin da ya ƙi ci da kansa dalili gare shi, dalilin za a nema. Haka sabuwar ciyawar farkon damina: a fara sakinsa rabin awa, a riƙa ƙarawa. Kowane canjin abinci a ba shi kwana 7 zuwa 14.

Na ce zan dawo kan dokin da ya kai fata da ƙashi, irin wanda ake sayowa da araha don tausayi. Wannan shi ne wanda ƙoshi yake kashewa. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, da an antaya masa hatsi, sinadaran da zuciya da numfashi suke dogara da su, fosfaras da fotashiyam da magniziyam, sai su zube daga jini gaba ɗaya. Dokin zai yi kamar ya farfaɗo, a kwana na uku zuwa na biyar ya faɗi. Ko mai azumi da ruwa da kunu yake buɗe baki, ba da malmalar tuwo ba. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada abinci iri-iri ga irin waɗannan dawaki, suka ga ciyawar alfalfa, wadda dangin wake ce, ta fi aminci: kimanin rabin kilo duk bayan awa 4, har kwana 3. Daga kwana na 4 zuwa na 10 a riƙa ƙara yawa ana rage lokutan. Bayan kwana 10 a bar shi ya ci iya cinsa. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne harawa mai ganye, tsaftatacciya. Ba hatsi, ba dusa, ba zaƙi, sai an yi makonni. Tashin dare ya zama dole, kuma likita ya san da shi tun ranar farko. Irin wannan doki yakan ɗauki wata 3 zuwa 5 kafin ya dawo hayyacinsa.

Ko wanda ramarsa ba ta kai nan ba, haƙuri ake yi da shi. Rabin kilo a rana ci gaba ne mai kyau, kuma hawa mataki ɗaya a wancan ma'auni na 1 zuwa 9 yakan ci wajen wata biyu. Wanda yake so dokinsa ya fita Hawan Daushe da sheƙi, ya fara tun wata huɗu kafin Sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allurar ƙarin jini da magungunan ƙiba da ake tallatawa ba za su gajarta maka lokacin ba, wasunsu ma ciwon kofato suke jawowa. A wannan tsakani a sauke masa aiki. A riƙa jansa da ragama yana tattaki safe ko yamma, amma ba sukuwa, ba kaya masu nauyi. Bayan da ba nama sirdi yana yi masa miki cikin yini guda, mikin kuma ya ƙara hana shi ci.

Goɗiya mai shayarwa bukatarta ta kusa ninka ta sauran, ita a ƙara mata tun kafin ta zube. Tsohon dokin da turamensa suka ƙare kuwa, a daka masa ganyen harawa, a haɗa da dusa da ɓarzajjen gero da mai, a jiƙa ya yi laushi, a ba shi sau huɗu a rana.

Duk mako biyu ka mayar da tef ɗin nan a ƙirjinsa, wuri ɗaya, da safe kafin ya ci, ka rubuta. Idan an yi mako shida yana ci yana ƙoshi amma awon bai motsa ba, ko yana zawon da ya ƙi tsayawa, ko yana shan ruwa da fitsari fiye da kima, to magana ta wuce ta abinci. A ɗebi jininsa a duba hanta da ƙoda. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana irin wannan gwaji, likitan garinku kuma zai iya ɗibar jinin ya aika. Ka tafi da takardar awonka da bayanin abin da yake ci a rana, kilo-kilo, da sunan duk maganin da aka taɓa ba shi da ranar da aka ba shi.